Ɗigon Ja a Ƙofar Baffa

Ni na saka shagon Baba a taswirar intanet, kuma ni na saka shi a inda ba nan yake ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don Yayana har yau in an tayar da zancen sai ya gyara zama ya nuna kamar da hannunsa a ciki. Babu hannunsa. Shawara kawai ya bayar, kamar yadda ya saba, ya kama gabansa ya bar ni da aikin.

Baba gyaran keken ɗinki yake yi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan layin masu sayar da yadi, tsakanin mai yankan gilashi da wani shago da ke canja sana'a duk shekara. Akwai bencin baƙi, akwai teburin aiki da ya sha mai har ya koma baƙi ƙirin, sai kanta uku cike da kawunan kekunan da masu su suka manta da su. Ƙananan ƙarafa suna cikin gwangwanayen madara, kowane iri da gwangwaninsa. Babu rubutu a jikinsu, amma ka ɗauki ɗaya ka mayar ba a wurinsa ba, ka ga irin kallon da za ka sha. A da sai mutum ya yi layi a bencin nan. Daga baya tsofaffin teloli suka yi ta raguwa, sababbin kuwa ba sa tambayar kowa hanya, wayarsu suke tambaya. Baba ya koma yini yana goge abin da ya riga ya goge.

Yayana ya ce a sa shi a intanet. Baba ya ce shi ba ɓata ya yi ba da za a neme shi. Umma ta ce a sa shi. Aka sa shi.

Wata abokiyar aikina a ɗakin gwajin jinin da nake rubuta sunayen marasa lafiya ita ta ba ni dabarar. Ta ce mutane ba sunan sana'a suke rubutawa ba in suna nema, ciwon da ke damunsu suke rubutawa, sai wayar ta haɗa kalmominsu da inda suke tsaye ta nuna musu wanda ya fi kusa. Don haka wata ranar Laraba bayan na tashi aiki na zauna a bencin baƙi da biro da takarda, na tambayi Baba me mutane ke cewa in sun shigo. Da farko ya yi kamar bai ji ba. Can sai ya ce, yana tsinka zare. Na rubuta. Yana tsallake ɗinki. Yana tara zare a ƙasa. Yana karya allura. Ya yi nauyi a ƙafa. Yana cin yadi. Kowane ɗaya sai ya tsaya ya gaya min abin da ke kawo shi, da irin telan da ke jawo wa kekensa hakan, da abin da ya kamata a yi wa irin wannan telan. Mun kai minti arba'in. A shekarar nan kaf ba mu yi hira mai tsawon wannan ba.

Sai in koma baya kaɗan, don ba za a gane kuskurena ba sai an san Baffa.

Baffa wan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida tsakaninsu. Tare suka koyi aikin a hannun mahaifinsu, tare suka riƙe shagonsa bayan ya rasu. A wancan shagon akwai ƙa'ida. In keke ya shigo, babba ne ke juya shi da hannu ya kasa kunne, ya sa alli a wurin da ciwon yake. Ƙarami ya kwance ya gyara. Sannan a mayar wa babba ya sake saurara kafin a miƙa wa mai shi. Kakanmu ya yi wa Baffa haka, Baffa ya ci gaba da yi wa Baba. Matsalar ita ce Baba ya kai shekara arba'in, da 'ya'ya uku, ana nan ana sauraron aikinsa. Wata rana ya gama wani keke, mai shi na tsaye har ya miƙo hannu zai ɗauka, sai Baffa ya juya, ya kasa kunne, ya ce, "Da saura." Ya ɗauki sukudireba ya buɗe shi a gaban mutumin. Baba ya ajiye tsummansa. Ya wanke hannu, ya zuba gwangwanayensa a buhu, ya fita. Shekara goma sha tara ke nan.

Ban taɓa jin wanda ya faɗi ko da sauran da gaske ba. Na tambayi Umma sau ɗaya, ta ce in ina son zaman lafiya in bar wannan tambayar inda na same ta.

Ba faɗa suke yi ba, da faɗa ne ma da an raba. In sun haɗu a taron dangi kowa ya nemi gefensa ya zauna, a tashi lafiya. Baba bai taɓa cewa kada mu je gidan Baffa ba. Abin da ya ce, sau ɗaya tak, ina 'yar shekara tara, shi ne duk wanda ya san hanyar can ya san ta shi kaɗai, kada ya shigo masa gida da labarinta. Mu kuwa mun san Baba. Muka ɗauka doka ce, muka bi.

Ni dai na karya ta. Shekara uku da suka wuce Iya, matar Baffa, ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. 'Ya'yansu mata ne biyu, duk aure ya kai su nesa. Baffa kuwa hannunsa ya fara rawa, ya rufe shago, sun sayar da tsohon gida sun koma wani ƙarami a hayin gada, wanda Baba bai taɓa gani ba. Na fara zuwa duk Asabar da yamma, in yi wanki, in jera wa Iya magungunan mako, in ce a gida wajen ƙawata na je. Tsoron Baba nake ji, ba zan ɓoye ba. Ba duka yake yi ba, ba zagi yake yi ba. Shiru yake yi, kuma na ga tsawon da shirunsa ke iya kaiwa.

A irin wannan Asabar ɗin na cike fom ɗin shagon. Iya ta yi barci, wanki na kan igiya, ina zaune a barandar Baffa inda sabis ya fi ƙarfi. Na sa hoton teburin aiki. Na sa lokutan buɗewa. Na kwafe kalmomin nan duka daga takardata, har da ya yi nauyi a ƙafa. Na sa lambar Baba, wadda sa ta da rashin sa ta duk ɗaya, tunda wayarsa a aljihun tebur take kwana ƙarƙashin tsummoki, kuma ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba. Da na zo wurin adireshi sai aka tambaye ni ko in rubuta da hannu ko a yi amfani da inda nake yanzu. A daidai lokacin Iya ta kira ni daga ɗaki. Na danna na biyun na tashi.

Aiki ya fara zuwa kafin wata ya cika. Biyu a rana, uku a rana, wata rana har biyar. Umma ta ce Baba ya koma fita da sassafe. Ni kuwa kaina ya kumbura. A wurin aiki in layi ya lafa sai in buɗe shafin in ga mutum nawa suka nema, da me suka rubuta, daga wane ɓangaren gari. Yana tsinka zare shi ne kan gaba kullum. Na lura yawancin masu neman daga hayin gada suke, na ce a raina lallai can babu mai gyara, na wuce.

Abubuwa biyu na gani a watannin nan ban kula ba. Na farko, in an ajiye wa Baba keke, kafin ya taɓa sukudireba sai ya karkata shi ya duba, ya goge wani wuri da babban yatsa. Na ɗauka ƙura ce. Na biyu, Baffa ya fara aske gemu a kai a kai, an fitar da kujera da ɗan tebur bakin ƙofa, kuma wata Asabar ya ce in zan zo mako mai zuwa in taho masa da kwalin alli. Ni na sayo masa da hannuna. Ban tambaye shi me zai yi da shi ba, don tsoho in ya nemi abu mai araha ba a tsawaita bincike.

Sai a wata na huɗu na buɗe wurin da mutane ke rubuta ra'ayinsu. Wani ya ba mu tauraro biyu cikin biyar, ya rubuta cewa aiki dai ya yi, amma adireshin ƙarya ne, ya ɗauki kan keke ya haura gada a banza. Wata ta ce a ji tsoron Allah a gyara taswira. Na ukun shi ya ɗaure min kai. Ya ba mu biyar cif, ya ce tsohon da ke karɓar mutane a reshenmu na farko ya san aiki, juyi ɗaya ya yi ya gane ciwon.

Ba mu da reshe. Na buɗe taswirar na matso da ita. Ga ɗigon ja nan da sunan shagon Baba, zaune daram a ƙofar Baffa, gefen tankin ruwan unguwar.

Abin da ya fara zo min ba wahalar mutane ba ce, kaina na tuna. Wata huɗu ana shiga shagon Baba daga gidan da ya ce kada a kawo masa labarinsa, kuma sa hannuna ne a kai. Ban yi shawara da kowa ba. Ina zaune a bayan kanta, mai jiran sakamako na tsaye a gabana, na ɗora yatsa a kan ɗigon na ja shi, ya haye gada, ya bi layin masu yadi, na sauke shi tsakanin mai gilashi da shagon da a lokacin yake sayar da labule. Bai kai daƙiƙa biyar ba. Aka ce za a duba. Washegari aka ce an amince. Na yi ajiyar zuciya, na ce Allah ya rufa asiri.

Komai ya gyaru yadda ya kamata. Mutane suka riƙa zuwa kai tsaye, ba haki ba ƙorafi, taurari suka ƙaru. Yayana ya ga shafin ya ce ai dama ya faɗa.

Baba ne ya lalace. Umma ta ce yana dawowa ya zauna shi kaɗai, abinci ya tsakura ya ture. Na biya shago ranar Alhamis na tarar an kawo masa keke, ya karkata shi dama, ya karkata hagu, ya ɗaga ya leƙa ƙasa, har mai keken ya tambaya ko wani abu ya faɗi. A gabana ya murɗe kan wani ƙaramin ƙarfe har ya lalace, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya ɗora laifin a kan sukudireba. Na ɗauka tsufa ne, ko hawan jini, na ce zan kawo abin awo.

Asabar ta biyu bayan gyaran na je hayin gada. Tun daga nesa na hango Baffa a bakin ƙofa, sanye da tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan toka, a kan kujera, tebur a gabansa babu komai a kai. Ya amsa gaisuwata yana kallon bayana, kamar wani na biye da ni. Na shige ciki.

Iya ce ta warware min, ina jera mata magani. Ta ce wata huɗu da suka wuce wata yarinya ta buga ƙofa da kan keke a hannu, ta ce wayarta ta ce nan ne shagon wane, ta ambaci sunan Baba. Baffa ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya ce ta ajiye. Ya juya, ya saurara, ya nemi alli babu, sai da ya ɓallo ɗan farin fenti daga bango ya yi alama. Ya kwatanta mata hanyar shago. Da ta tafi ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado ya ce, "Yaron nan ya turo min." Shekarar Baba hamsin da tara, amma yaron nan ne.

Baffa bai san intanet ba, bai san ɗigo ba. Abin da ya sani shi ne ƙa'idar shagon ubansu, a fara kai wa babba. Tunda waya ta ce nan ne, to ƙaninsa ne ya gaya wa waya ta fara biyowa ta nan. Iya ta ce ita ta yi zargin aikina ne, amma ta ga mutum ya tashi daga kwance, yana aski, yana neman rigar aiki, sai ta ja bakinta. Yanzu kwana goma sha ɗaya ke nan ko mutum ɗaya bai zo ba, kuma kullum sai ya fita ya zauna daga safe har rana ta bar ƙofar.

Da zan tafi ya tsayar da ni. Bai taɓa yi min zancen Baba ba, a shekara ukun nan duka.

"Auta," ya ce, "na lantarkin nan ne, ko? Na ƙarshen da aka kawo."

Na ce wane na lantarki.

"Kunnena bai saba da su ba. Na sa allin a sama, ina jin a ƙasa ciwon yake. Tun da mai keken ta tafi nake tunani." Ya kalli hannunsa da ke rawa a kan tebur. "In don shi ne, yana da gaskiya. Ba sai kin gaya masa komai ba."

Na ce ban sani ba, Baffa. Ƙarya ce, kuma ita ce mafi muni da na yi a duk wannan lamarin. Na hau gada ina jin haushin kaina, da haushin tsofaffin nan biyu, da haushin wanda ya ƙirƙiro maɓallin nan.

Ranar Litinin na tashi aiki na wuce shago, na shirya zan faɗa ko me zai faru. Na tarar da abin mamaki: wayar Baba a kan tebur, an goge ta, shi kuma da tabarau a hanci. Ya tura min ita ya ce in nuna masa yadda ake neman nan. Na rubuta, yana tsinka zare. Sunan shagon ya fito a sama, da hoton teburin da muke zaune a gabansa. Na danna hanya. Wayar ta ce mun iso.

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya cire tabarau, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lafiyarsa ƙalau?"

A nan na kwance masa komai, daga karayar Iya har zuwa maɓallin. Ina magana ina jiran shirun nan ya sauko. Ya bari na gama, ya ce tun keken farko ya sani. Allin gidansu ba ya ɓuya, karkataccen layi ne da ɗigo a ƙarƙashi, mutum biyu ne suka rage a duniya masu yin sa.

"Zuwanki kuwa," ya ce, "waya ba ta sanin gidan mutum sai an kai ta. Ni ba yaro ba ne."

Ya ce da allin ya daina zuwa ya ɗauka ko mutumin ya kwanta ne. Kwana uku yana sauraron ko za a aiko. Da ba a aiko ba sai ya ɗauka ya gaji ne, ya ga ba a ce masa an gode ba, ya janye hannunsa.

Na gaya masa abin da Baffa ya ɗauka, cewa shi Baba ne ya ce a fara biyawa ta can. Na gaya masa zancen na lantarki.

"A sama ciwon yake," Baba ya ce da sauri. "Daidai ya sa. Wa ya ce masa a ƙasa ne?"

Na ce babu wanda ya ce masa komai, ai matsalar ke nan.

Ya ɗauki tsumma ya goge tebur, ya ninke, ya sake warwarewa. Can ya ce in mayar da ɗigon inda yake.

A nan raina ya ɓaci, na kuwa faɗa. Na ce mutane ba su yi mana laifin komai ba da za mu riƙa ɗora musu ƙarfe suna haura gada don mutum biyu sun kasa gaisawa. Na ce tafiyar minti ashirin ce, ƙafarsa lafiya lau. Na ce kuma ƙarya ce, shagon ba can yake ba. Ban taɓa yi wa Baba magana haka ba, har mai gilashi ya daina yanka ya kasa kunne.

Bai amsa zancen ƙafa ba. Zancen ƙaryar ya ɗauka. Ya ce to a rubuta gaskiya. Ya sa na buɗe shafin, ya yi min shifta kalma bayan kalma: a fara kawo keke nan a saurare shi, sannan a kai shago a gyara, wanda ba ya so ya wuce shago kai tsaye, ga kwatance. Na karanta masa. Ya ce in ƙara cewa sauraron kyauta ne. Na ƙara.

"Yanzu ni na ce," ya ce. Ya mayar da wayar ƙarƙashin tsummoki.

Wannan karon ba a amince da wuri ba. Wataƙila sun ga shago yana yawo tsakanin hayi biyu sun yi shakka. Kwana huɗu ina dubawa ana cewa ana kan dubawa. Ranar Juma'a da rana ɗigon ya koma gefen tankin ruwa.

Asabar da safe ban da aiki, na je shago na zauna a benci da sunan taya shi shara. Mutum biyu suka zo, duk tsofaffin abokan hulɗa ne da suka san hanya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata mata mai ɗinkin labule ta shigo tana haki, da kan keke a naɗe cikin zani, ta dire shi a tebur ta ce ita ba ta taɓa ganin shagon da ake zuwa sau biyu ba. Baba ya warware zanin. Ga shi nan kusa da inda zare ke bi, karkataccen layi da ɗigo a ƙarƙashi. Layin ya ɗan yi rawa.

Bai goge ba. Ya kwance, ya canja wani ɗan ƙarfe da ya cinye, ya ɗiga mai, ya ɗaure. Ya sa ƙyalle ya yi ɗinkin gwaji layi uku, ya duba sama ya duba ƙasa. Matar ta miƙe ta miƙo hannu. Sai ya ce mata ta biya ta wurin tsohon da ya turo ta, ya sake saurara, in ya ce ya yi to ya yi.

Matar ta dube shi, ta dube ni. Ta ce ita da gadar nan sai dai a wata rayuwar, in bai yarda da aikinsa ba ya faɗa mata tun yanzu.

Baba ya tsaya da tsumma a hannu. Na ga yana lissafi, irin wanda yake yi in keke ya ƙi faɗin ciwonsa. Sannan ya wanke hannu, ya naɗe keken a zanin, ya ɗora a kafaɗa, ya ce mata ta zauna ta jira, yanzu zai dawo. Daga baya ta ba mu tauraro biyu, ta rubuta cewa masu shagon ba su san darajar lokaci ba, kuma ban ga laifinta ba.

A bakin ƙofa ya tsaya. Na ɗauka fasawa zai yi. Ashe hanya ce bai sani ba, gidan da ya sani an sayar tun tuni. Zan iya kwatanta masa, ko in shige gaba kawai. Amma ya ce in ɗauko wayarsa in rubuta abin nan. Na rubuta, yana tsinka zare. Sunan shagonsa ya fito, da shuɗin layi da ya bi ta gada, minti ashirin da biyu a ƙafa. Ya karɓa ya riƙe a hannun hagu, ya bi layin, ina biye da shi. Ko sau ɗaya bai juyo ya tambaye ni ba.

Baffa na kan kujerarsa. Ya gan mu tun daga tankin ruwa, bai tashi ba. Baba ya sauke keken a kan ɗan teburin, ya warware zanin, ya ja da baya taki ɗaya ya tsaya, hannuwa a baya. Babu wanda ya gaisa. Iya na hango a bayan labule, ta dafa bango.

Baffa ya ɗora hannu ya juya. Ya sunkuyar da kai, ya karkata kunnen dama. Keken ya yi ta tafiya sumul, ko ni da ban san komai ba na ji babu abin da ke taɓa wani. Ya bari ya tsaya da kansa.

"Ya yi," ya ce.

Baba bai ɗauka ba. Ya waiga ya ga bokitin da Iya ke kifewa a bakin ƙofa, ya jawo shi ya zauna a kai, kusa da teburin.

"Sake saurara, Yaya," ya ce. "Ban ji daidai ba."

Baffa ya sake juyawa.